Askar Baballe a Tankin Murjani

Duk wanda ya ga tabon nan da ke bayan kunnena sai ya tambaya ko faɗa na yi. Ban yi faɗa da kowa ba. Aski aka yi mini, kuma wanda ya yi askin har yau bai ba ni haƙuri ba, wai shi ya fi ni shan wahala ran nan. Sunansa Ɗalhatu, direba ne a gidan da nake gadi a Al Gharrafa, nan Doha. Ni Sabo, Bazazzagi ne, shi kuwa Bakano daga wani ƙauye can bayan Rano. To kun ji inda rashin ta-idon ya samo asali.

Ɗalhatu ɗan wanzami ne, jikan wanzami. Ubansa Baballe shi ke riƙe da ƙauyensu da na kewaye: askin suna, kaciya, ƙaho, cire hakin wuya. Duk namijin da ya tashi a yankin ta hannunsa ya bi. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To wannan barewar ta haifi wanda ko rarrafen bai iya ba, domin Ɗalhatu in ya ga jini faɗuwa yake yi. Ba jiri ba, ba tashin zuciya ba, faɗuwa tim kamar buhun gero. Ranar da aka fara sa shi riƙon ƙafa a wajen kaciya, wanda aka yi wa aikin yana zaune yana yagar cinyar kaza, shi kuwa ana can ana yayyafa masa ruwa a gindin darbejiya. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an kai shi kwata wajen mahauta wai ko zai saba, ya faɗi cikin kayan ciki. Daga ƙarshe ya koyi mota, ya yi ta jigila tsakanin Rano da Kano, har Allah ya kawo shi ƙasar nan.

Mutum ne mai tsafta da sanyin hali, ba na hana shi wannan. Motar kafil, wato Balaraben da muke yi wa aiki, kullum tana sheƙi. In mun bi ta gaban shagon nama sai ya kau da kai kamar ya ga surukarsa, amma a kawo naman a dafe ku ga aiki. Ba ya zancen gida sosai. In ya kira ubansa, gaisuwa ce da "ya jiki", tsohon ya amsa a taƙaice, a ajiye waya.

Rannan wani ɗan garinsu da ya dawo daga hutu ya kawo masa ƙunshi. Muka kwance a ɗakin gadi, sai ga aska, irin ta maƙera, baƙa wuluk, ƙotarta ta yi santsi saboda hannuwa. Ba a jima ba ƙanwarsa Haulat ta turo muryar tsohon ta waya.

"Ɗalha, ga askar gidanmu nan. Idona ya tafi, hannuna ya fara rawa. Daga nan zuwa Babbar Salla, in ta ci nama mai rai a hannunka, taka ce, ka zo in miƙa maka kaina ka aske, yadda na aske na ubana. In ba ta ci ba, ka aiko mini da abata in ba Mu'azu."

Na ce wane ne Mu'azu. Ya ce wani ne da ya zo koyon sana'a daga waje, ubansa mai sayar da kananzir ne. Sannan ya yi mini bayani: a gidansu ɗa ba ya zama wanzami sai ranar da ubansa ya zauna a gabansa ya cire hula ya miƙa masa kai. Haka aka yi tun kaka da kakanni. In askar ta koma hannun Mu'azu, shi ke nan gado ya fita daga gida, kuma tsohon zai tafi kabari bai taɓa cire wa ɗansa hula ba. Yana faɗa idonsa ya ciko. Wallahi ya ba ni tausayi, kuma tausayin nan shi ya cuce ni.

Na ce, "Kai Bakano, daina yi mana kuka a bakin ƙofa. Ga kaina nan, ai nama ne mai rai."

Ranar Juma'a da safe na zauna a kan bokiti a bayan gareji. Ya jiƙa mini gashi da sabulu. Sannan ya yi abin da ban taɓa sanin ya iya ba: ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya shiga wasa askar a kai, gaba da baya, cikin wani irin kiɗa, shaf-shaf, shaf, shaf-shaf. Ya ce haka ubansa yake yi kafin aiki da bayan aiki, shi ma bai san lokacin da hannunsa ya ɗauka ba. Na ce to madalla, da alama za a yi abin kirki. Gefen hagu ya tafi sumul. Da ya zo bayan kunnen dama ban san me ya tuna ba, hannu ya karkace, na ji zau. Kafin in ce wayyo ya riga ya zube a kaina, mu duka har bokitin muka yi ƙasa. Ni da aka yanka ni na yi ta yi masa fifita da kwali. Haka na je masallaci da rabin kai, hula a karkace, ina tsine wa duk wani Bakano a zuciyata.

Bayan wannan ba wanda ya sake ba shi kai. Labari ya riga ya kai Al Asmakh, inda 'yan gida ke haɗuwa bayan sallar Juma'a a ɗakin wasu masu gadi. Da ya shigo sai kowa ya danna hularsa.

To a majalisar gidan kafil, wato babban falon baƙi, akwai wani tankin gilashi da ya kusa cin bango guda, cike da ruwan gishiri. Ɗan kafil ne ya kafa shi, ya zuba masa duwatsu da kifaye da fitilu shuɗɗa, sannan ya tafi karatu waje ya bar wa tsohonsa. Kafil dattijo ne mai haƙuri, abin da ya dame shi gonarsa ta Umm Salal da dabinonsa. Ya dubi tankin ya dubi Ɗalhatu ya ce, "Yalla, kai ka kula da shi." Shi ke nan direba ya zama makiyayin kifi.

Akwai wani Osman, ɗan Zangon Kumasi, da ke aiki a shagon da aka sayo kayan. Shi ke zuwa lokaci-lokaci ya auna gishirin ruwa ya wanke na'urori. Rannan ya zo ina tsaye ina riƙe masa bokiti, ya nuna wani dutse da wasu abubuwa suka lulluɓe kamar maɓallan riga, kore da ruwan lemo da ja, kowanne da 'yan gashi a kewaye da ɗan baki a tsakiya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan ya yi yawa. Yana hawa kan maƙwabtansa zai kashe su. Dole a rage."

Ɗalhatu ya ce, "Furen?"

"Ba fure ba ne. Murjani ne, irin wanda muke ce wa zowa. Dabba ne. Yana ci, yana jin taɓi. Duba." Ya sa tsinke ya taɓa ɗaya, nan take ya rufe kansa ya tsuke.

Osman ya nuna mana yadda ake yi. A ciro dutsen a sa a roba da ruwan tankin. Duk maɓallan nan a haɗe suke ta ƙasa da wata 'yar fata mai kama da tabarma. A sa reza a yanka tsakaninsu, a bi ta ƙarƙashi a ɓanɓaro 'yan kaɗan ba tare da an huda cikinsu ba, a ɗiga gam a kan wani ɗan faifan dutse kamar murfin kwalba, a manna, a mayar ruwa inda igiya ba ta da ƙarfi. In sun ji daɗi, bayan kwanaki su buɗe, su fara haihuwa, uwar ma ta cike gurbin. Yana yi da safar hannu da tabarau, yana ta nanatawa: "Wasu suna da dafi, kuma ba ka gane mai shi da ido. Kar ruwansa ya shiga idonka, kar ya shiga bakinka, kar ya taɓa ciwo. Ba wasa ba ne, yana kai mutum lahira."

Ni dafin na ji. Ɗalhatu kuwa ba shi ya ji ba. Ya matso har hancinsa na taɓa robar.

"Ka ce dabba ne?"

"Dabba ne."

"Mai rai?"

"Ba ka ga ya rufe ba?"

"To ina jinin?"

Osman ya ce ai ba shi da jini, sai wani ɗan yauƙi. Na dubi fuskar Ɗalhatu na ga ta washe kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Na ce a raina, shi ke nan, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Washegari ya fito da askar Baballe. Ya sa safa, ya sa tabarau, ya yi bisimilla. Jama'a, ban so in yabi Bakano ba, amma hannun nan na gado ne. Inda Osman ke dagargaza biyu kafin ya samu uku, shi ko ɗaya bai huda ba. Askar na bi ta ƙarƙashinsu kamar ana yanka man shanu. Ya jera 'yan faya-fayan a kusurwar tanki, layi guda, ya wanke askar ya goge ya shafa mata mai don kada gishiri ya ci ta. Abu ɗaya ya dame shi: da safa ba a wasa aska a tafi, roba tana kamawa. Ya ce yana jin kamar ya yi salla ba alwala.

Da a nan abin ya tsaya da ban ce komai ba. Amma mutumin nan sai ya ɗauki abin da gaske. Ya hana ni yin magana da ƙarfi a majalisa, wai masu jego na hutawa. Ya rage musu hasken fitila. Yana dawowa daga kai kafil unguwa, kafin ya sha ruwa sai ya leƙa su. Da suka kwana bakwai suka buɗe, ya sayo dabino da alewa da ɗan goron da ya samu a wajen 'yan Gana, ya tafi da hotunansu Al Asmakh ya ce yau suna.

Aka yi ta gardama a ɗakin. Wani ya ce wannan ba haihuwa ba ce, kaciya ce, don haka kaza ya kamata a ci. Wani mai ɗan karatu ya ce duk abin da aka yanko daga jikin dabba tana raye mushe ne. Aka ce masa ai na ruwa ne, kuma wa ya ce zai ci. Ɗalhatu ya bar su suka gaji, sannan ya ce an raba ɗa da uwarsa da ƙarfe, an kwana bakwai, in ba suna ba mene ne. Aka shafa fatiha. Mai ruwan lemo ta zama Rukayatu, koriyar Sakinatu, wani mai ja a tsakiya Aruna. Akwai wani guda ruwan ƙasa, mummuna, kullum a tsuke kamar an ci bashinsa. Shi ya raɗa wa Sabo. Ɗakin ya kwashe da dariya. Na ce Allah ya isa tsakanina da Kano da kewayenta.

Saura ya nuna wa tsohon. Ya yi ta jan ƙafa har Salla ta fara ƙaratowa, Haulat tana ta aiko cewa Baba na tambaya. Wata Juma'a da hantsi kafil ya tafi gona, gida ba kowa, ya ce in riƙe masa waya za a yi kiran bidiyo. Haulat ta ɗauka, ta juya wayar. Ga Baballe a kan tabarma a zaure, ƙashi da fata, idanu sun yi fari, hula har gira.

Ɗalhatu ya durƙusa a kan kafet ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, askar ta ci."

"Ta ci me?"

Ya yi bayani tiryan-tiryan, dabba ce ta teku, tana da baki, tana haihuwa. Na kai wayar jikin gilashi. Tsohon ya ƙura fararen idanunsa.

"Haulat, me kike gani?"

"Baba, kamar maɓallai ne a cikin ruwa. Suna da kyau."

"Da ka yanka, ya yi kuka?"

"A'a, Baba."

"Ya yi jini?"

"Ba shi da jini, Baba."

"Uwarsa ta zage ka?"

"A'a."

Tsohon ya ja tsaki mai tsawo. "Ashe kabewa ka fere. Askar ubana ka ɗauka kana fere kabewa a ƙasar Larabawa."

Ɗalhatu ya ce don Allah a bari ya yi a gabansa. Ya ciro dutsen ya sa a roba, ya jawo safa yana sawa. Robar ta yi ƙara a wuyan hannunsa. Makaho ai da kunne yake gani.

"Mene ne wannan?"

Haulat ta ce, "Yaya ne yake sa safar hannu, irin ta asibiti."

"Safa! A gidan wa ka ga an riƙe aska da safa? Kunyar naman kake ji ko ƙyamarsa? Haulat, kashe abin nan, kira mini Mu'azu."

Ban ankara ba sai na ga Ɗalhatu ya fizge safar ya yar. Na ce, "Kai, ka manta abin da Osman ya ce?" Ko kallona bai yi ba. Ya sa hannu tsirara cikin robar, ya yanka, ya ɓanɓaro wasu manya masu launin toka da ke can gefen dutsen, waɗanda bai taɓa taɓawa ba. Askar ta fito da yauƙi. Sai hannun ya yi abin da ya gada: ya buɗe tafin hagu ya shiga washi, shaf-shaf, shaf, shaf-shaf. Can a zaure tsohon ya karkato kunne. A bugun ƙarshe bakin askar ya kama tudun babban yatsa. Jini ya tsatso, ja jawur, ya gangaro har wuyan hannu.

Na ja da baya don kada ya sake faɗo mini. Ya dubi jinin. Na ga leɓensa ya yi fari. Amma abin da ya yanko yana kan bakin aska, a waje da ruwa, ya tsuke yana jiran a manna shi. Ya dubi jinin, ya dubi ɗan abin. Sai na ji ya ce, "Sabo, miƙo gam." Na miƙa. Ya ɗiga, ya manna, ya ɗan danna, ya mayar cikin tanki a hankali, ya wanke askar ya goge ya naɗe ta. Duk wannan jini na ɗiga a kan kafet ɗin kafil.

Na yi ihu cikin waya, "Baba, ya ga jini bai faɗi ba! Wallahi yana tsaye!"

Sai tsohon ya ce wa Haulat ta kashe, ya gaji.

Muka ɗaure hannun da tsumma, muka goge kafet. Ɗalhatu ya zauna, rai a ɓace. Kafin a kira salla ya ce bakinsa ɗaci, kamar ya tsotsi tsohon kwabo. Can ya ce leɓensa ya mutu. Sai rawar sanyi, a garin da ko kare ba ya fita rana. Da ya miƙe zai yi alwala sai ya tafi luu, tim.

Na tsaya a kansa na ce, "Au, sai yanzu ka tuna? Tashi, malam, jinin ma ya bushe." Na kawo kwalin fifita. Amma wannan faɗuwar ba irin wadda na sani ba ce. Numfashinsa na fita da ƙyar, hannun ya kumbura har gwiwa. Na kira Osman, ya yi ta ƙunduma mini ashar da Hausarsu ta Zango, ya ce in kira motar asibiti yanzu-yanzu, in ɗauki hoton dutsen in nuna wa likita, kar in tsaya ba shi madara ko wani jiƙo. Ni da na riga na buɗe gwangwanin madarar.

Ya kwana biyu ba a san inda ya dosa ba. Na ji tsoro, ba na ɓoyewa. Na yi ta tunanin da wane baki zan gaya wa tsoho makaho cewa maɓalli ya kashe masa ɗa. Kafil ya zo ya tsaya a bakin gado yana girgiza kai, ya ce khalas, wato shi ke nan, gobe a fitar da tankin nan daga gidansa. Da Allah ya sa mutumin ya farfaɗo, abin da ya fara yi shi ne roƙon a bar tankin, wai akwai masu jego. Abu na biyu, da ma'aikaciyar jinya ta zo da allura, ya ƙanƙame hannuna yana salati. Na ce ai dama wanzami ba ya son jarfa. Likita ya sa aka fassara masa sarai: ya yi sa'a, kuma in ya sake goga ƙarfen da ya taɓa abin nan a fatarsa, kada ya dawo nan, ya wuce maƙabarta kai tsaye.

Muna asibitin Haulat ta kira. Ta riga ta gaya wa tsohon komai. Na riƙe wayar a gaban Ɗalhatu, hannunsa na rataye kamar ƙullin kabewar da aka ce ya fere.

Baballe ya ce, "An ce abin ya rama."

"Ya rama, Baba."

"To ba kabewa ba ne. Kabewa ba ta ramuwa." Ya yi tari. "An ce ka ga jini ka gama aikinka. Wannan ji na yi a bakin Bazazzagi, ba na kafa hujja da shi."

Na buɗe baki zan yi magana, Ɗalhatu ya harare ni.

"Ni ban ga komai ba ran nan, hayaƙi kawai nake gani. Amma na ji washin. Biyu, ɗaya, biyu. Mu'azu ya shekara nawa a gabana, har yau kamar mai fere rake yake yi. Rabona da jin wannan washin a hannun wani tun ubana na raye. Shi ya sa na ce a kashe waya, ba na kuka a gaban mace." Sannan ya ɗaga murya. "Wanzam!"

Ɗalhatu ya waiga bayansa, wai ko da wani ake.

"Da kai nake. Ka zo da Salla. Daga yau ba mai taɓa kan nan sai kai."

Ƙato da gemu ya fashe da kuka a gadon asibiti, har ma'aikaciya ta leƙo ta ɗauka wani abin ne ya tashi. Ni ma wani abu ya faɗa mini a ido, sanyin na'urar ɗakin ne.

Kafil ya haƙura da zancen tanki, ya kuma ba shi hutun Salla. Osman ya jiƙa askar a ruwan bilic ya wanke ta tas, Ɗalhatu na tsaye yana jin kamar ana yi wa kakansa wanka a kasuwa. Ya sayi turare da darduma da sabuwar hula. Ɗan abin nan mai launin toka da ya kusa kashe shi ya buɗe, ya yi ɓul-ɓul, ya fi kowa lafiya a tankin. Aka yi suna, ya raɗa masa sunan ubansa. To kun san ɗa ba ya kiran sunan uba gatsau, don haka Abba ake ce masa. Kullum da safe sai ya rage tsawo a gaban gilashi ya gaishe shi, kuma ni ma ya hana ni wucewa ta wurin da takalmi.

Ana saura 'yan kwanaki ya tashi, jaka a ɗaure, Haulat ta kira da hantsi. Tsohon ya yi sallar asuba, ya jingina da bango, shi ke nan. Ta ce da aka cire hular za a yi masa wanka, gashi ya taru fari fat har ya rufe kunne. Mu'azu ya yi ta roƙo ya bari a rage masa ko don zafi, ya ce a'a, kan nan yana da mai shi.

In aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ɗalhatu ya tafi ya yi zaman makoki ya dawo da askar, domin dangi sun shaida abin da tsohon ya faɗa. Yanzu shi ke yi mana aski a Al Asmakh ranar Juma'a, har layi ake yi, da wata aska dabam da ya saya, don ba mai yarda a sa masa wadda ta ci zowa. Jini kuwa in ya gani yakan ɗan dafa bango, amma sai ya gama.

Rukayatu da Sakinatu sun hayayyafa, an yanka an raba, 'ya'yansu na gidajen Larabawa har Umm Salal. Sabo ma ya buɗe, ba laifi. Abba ne kaɗai ba a taɓawa. Ya cinye faifansa, ya hau dutse, ya danne Aruna, ya doshi na'urar tace ruwa. Osman ya yi magana har ya gaji, kafil ya yi magana. Ɗalhatu sai ya ce a bari tukuna.

Makon jiya da safe na shiga majalisa zan kashe fitilar waje, na same shi durƙushe a gaban tankin, askar Baballe a kan cinyarsa, ga roba da ruwa a gefe. Ya sa tabarau, safa na ajiye kusa da shi. Bai ɗago ba ya ce, "Sabo, Abba ya tara gashi."

Na ce, "Ya tara."

Ya buɗe busasshen tafinsa mai tabo, ya wasa askar tun ba ta taɓa komai ba, biyu, ɗaya, biyu. Sannan ya sa safar, ya ciro dutsen da hannu biyu ya ajiye a gabansa. Ya cire hularsa ya ɗora a kafet.

"Baba, sunkuyo kaɗan," in ji shi.

Na tuɓe takalmina na riƙe masa robar.